Jini Ya Zo Bayarwa, Me Ya Kawo Zancen Imel?

Wata biyu da suka wuce matar ƙanena ta haihu, jini ya ɓalle mata. Wajen ƙarfe ɗaya na dare likita ya leƙo ya ce a nemo leda uku, kuma kada a ɓata lokaci. Aka gwada ni da ƙanen nawa, nawa ya yi, nasa bai yi ba. Saura biyu. Muka shiga buga waya, muka sa a WhatsApp, muka tashi mutane daga barci. Duk wanda ya taɓa jinya a Sakkwato ya san wannan faɗi-tashin.

Leda ta biyu wani abokin aikina ne ya taso daga Arkilla ya bayar. Ta uku kuwa ɗan kabu-kabun da ya kawo surukarmu asibiti ne. Bai san mu ba, ba mu san shi ba. Ya ji ana maganar, ya jingine babur, ya naɗe hannun riga. Da aka gama muka miƙa masa ɗan abin shan maltina, sai ya ɓata rai ya ce mu bar shi da ladarsa. Allah ya tashi kafaɗunta, ita da jaririyar suna nan lafiya.

Bayan suna da kwana biyu mutumin nan ya biyo ta gidana. Ya ce ya ji ana cewa akwai inda mutum zai sa sunansa a intanet, duk ranar da aka buƙaci irin jininsa sai a kira shi. Yana so in sa masa nasa. Na ji daɗi ƙwarai. Na nemo shafin, na wata ƙungiya ce da ba zan ambaci sunanta ba, muka zauna kan dakali bayan la'asar da wayata a hannu.

Tun kafin mu ga fom ɗin ma aka ce sai mun buɗe asusu. Asusun yana buƙatar imel. Ba shi da imel. Na sa nawa. Aka ce a ƙirƙiri lambar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi da lamba da wata alama. Na ƙirƙira, na rubuta masa a bayan katin waya. Aka kawo hotuna tara aka ce mu zaɓi waɗanda ke da famfon kashe gobara irin na bakin titin Amurka, don a tabbatar mu mutane ne. Ya karɓi wayar ya ƙura ido ya ce, "Malam, mi an nan kuma?"

Sannan fom ya buɗe. Na ƙirga gurabe talatin da ɗaya, duka da Turanci, duka a shafi guda. Muka cike har ƙasa da ƙyar. Na danna aikawa, sabis ya ɗauke. Da ya dawo, shafin ya dawo fari fes, ko baƙi ɗaya bai rage ba. Muka sake daga farko. A karo na biyu aka ce akwai kuskure, da jan rubutu, amma ba a nuna mana inda kuskuren yake ba.

Ana kiran magariba ya miƙe ya kaɗe rigarsa yana dariya. Ya ce, "Malam, wanga abu ya hi ƙarhina. Ni jini nika son in ba da, ba aikin gwamnati nika nema ba. Bar shi. In an buƙata, kai ka kira ni."

Ya hau babur ya tafi, ya bar ni da takaici.

Abin da nake cewa

Fom ɗin rajistar masu ba da jini aikinsa guda ɗaya ne: ya sa a iya samun mutum ranar da ake nemansa. Don haka abin da ya kamata ya tambaya shi ne suna, lambar waya, unguwa ko garin da mutum yake, ko ya kai shekara 18, da rukunin jininsa in ya sani. In bai sani ba, a ba shi wurin da zai danna "ban sani ba" ya wuce. Duk sauran tambayoyi a bar su sai ranar da ya zo da ƙafarsa, ma'aikacin lafiya ya yi masa su baki da baki. Kuma fom ɗin ya kasance da Hausa, ya buɗu a kan waya mai arha da sabis mai ɗingishi.

Masu aikin kwamfuta suna da wani fanni guda da ya tsaya kan wannan kaɗai, wato tsara shafi ta yadda wanda zai yi amfani da shi ba zai wahala ba. Mu a nan muna ɗaukarsa kwalliya, zaɓen launi da sa tambari mai kyau. A wurina, in ana maganar jini, wannan fannin yana cikin aikin ceton rai kamar yadda firij ɗin ajiyar jini yake ciki.

Dalili kuwa a fili yake. Jini ba ya ajiyuwa kamar gero a rumbu. Ledar da aka ɗiba, ko an sa ta a sanyin da ya dace, tsakanin digiri 2 zuwa 6, kwana 35 zuwa 42 take yi ta lalace. Ga matsalar wuta da muke da ita, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Saboda haka ma'ajiyar jini ta gaskiya jikin mutane ce, suna yawo da abinsu a Mabera da Gawon Nama da Runjin Sambo. Rajista ita ce makullin wannan ma'ajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasa suna ba da jini, za a iya biyan buƙatun yau da kullum, kuma ta ce wanda ya fi aminci shi ne jinin mai bayarwa don kansa, a kai a kai, ba don kuɗi ba. Mu kuwa har yanzu mafi yawan abin da ake ƙara wa marasa lafiyarmu daga dangi yake fitowa ko daga masu sayarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kullum haka muke yi, da ƙarfe ɗaya na dare.

Fom ɗin da bai san mu ba

Bari in ɗan tsaya kan guraben nan, don a nan ɓarnar take.

Gurbin suna ya kasu uku: na farko, na tsakiya, da na iyali. Bahaushe yana da sunansa da sunan mahaifinsa, wani ya ƙara da sunan garinsu, wani da laƙabi. Wanne ne na iyali? Yau ya sa sunan uba, gobe a wani fom ya sa sunan gari, jibi a ce bayanansa sun saɓa. Wannan ma da sauƙi. Kuskuren da aka yi mana jan rubutu a kai, daga baya na gano, ashe ɗigon nan ne na sama da ke cikin sunaye irin su Sa'adu da Mu'azu da Asma'u. Shafin ya ɗauke shi haramtacciyar alama. Haka zai yi wa Ɗanjuma da ɗ ɗinsa mai lanƙwasa. A garin da aka haifi dubban Asma'u, a ce shafi ba ya karɓar sunan Asma'u! Gurbi ɗaya ya isa: "Rubuta sunanka yadda ake kiranka."

Sai ranar haihuwa. Aka buɗo mana kalanda da ta fara daga watan da muke ciki, sai ka yi ta danna kibiya baya wata-wata har ka kai shekarun 1980. Mutumin nawa kuma bai san ranar ba. Ya san dai an ce masa shekarar da Buhari ya karɓi mulki daga Shagari aka haife shi. Kamar yadda kowa ke yi, muka sa 1 ga Janairu. To me fom ɗin ya ƙaru da shi? Ƙarya ce kawai ya tilasta mana. Abin da ake son sani shi ne ko mutum yana tsakanin shekara 18 da 65. A tambaye shi hakan kai tsaye.

Sai adireshi: lambar gida, sunan titi, lambar gidan waya ta yanki. Ku je cikin gari, shiyyoyin da ke kewaye da Masallacin Shehu da Hubbare, ku tambayi mutum lambar gidansa. Zai ce muku bayan gidan wane, kusa da mai nama, ka tambayi yara. Kuma ai ba wasiƙa za a aika masa ba. Ana so ne a san in ana neman jini cikin dare, wa ya fi kusa. Sunan unguwa ya wadatar.

Abin haushi, kafin ka kai ga unguwar sai ka zaɓi ƙasa daga jerin da ya fara da Afganistan, ka gangaro har Najeriya, ka zaɓi jiha, Sakkwato tana can ƙasa-ƙasa, sannan ƙaramar hukuma. Shafin da aka yi don mutanen Sakkwato me zai hana ya buɗe da ƙananan hukumominmu 23 kawai, ya bar ƙaramin wuri ga wanda ya zo daga Kebbi ko Zamfara ko Ƙonni?

Lambar waya ma sai da ta ba mu wahala. Na rubuta ta yadda kowa ke rubutawa, da sifili a gaba, lamba 11. Aka ƙi. Ashe sai an fara da 234. Wannan lissafi ne da na'ura za ta yi da kanta cikin ƙiftawar ido, amma aka ɗora wa ɗan kabu-kabu.

Akwai nauyin jiki da kilo, akwai tsawo, akwai sana'a, akwai matakin ilimi, akwai sunan magaji da lambarsa, akwai hoton fasfo da kada girmansa ya wuce kaza. Matakin ilimi! Kamar jinin mai digiri ya fi ja.

"Ai tambayoyin don kare mara lafiya ne"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji da nake girmamawa ce ta kawo mini ita. Ta ce, "Malam, jini ba ruwan leda ba ne. In ba mu tambayi tarihin lafiyar mutum ba, za mu kashe wanda muke son cetowa."

Gaskiyarta. Dole a tambaya. Saɓanina da ita kan lokaci ne da wuri.

Ba wanda ake ɗibar jininsa don ya cike fom a intanet. Ranar da ya zo sai an ɗora shi a sikeli an ga ya kai kilo 50, an auna hawan jininsa, an soki yatsa an ga ko shi kansa yana da isasshen jini. Ledar kuma ba za ta shiga jikin kowa ba sai an gwada ta kan cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ko rukunin jinin da mutum ya rubuta da hannunsa ba a yarda da shi, sai an sake gwadawa. To tunda komai sai an maimaita shi, me aka tsare da tambayar farko?

Ƙari a kan haka, amsar tana tsufa. Wanda ya rubuta a watan Janairu cewa lafiyarsa ƙalau, a watan Agusta yana iya kwance da zazzaɓin cizon sauro. Matar da ta ce ba ta da ciki, bayan wata huɗu tana iya samu. Tambayar lafiya ta ranar bayarwa ce.

Ga kuma abin da ya fi damuna. A wurinmu, mutum nawa ne ke cike fom da hannunsa? Ɗansa ne ke cike masa, ko maƙwabci, ko yaron shagon kwamfuta, ko ni a kan dakali. A cikin guraben nan talatin da ɗaya akwai wanda ke tambayar ko mutum ya taɓa ciwon sanyi, da wanda ke tambayar hulɗarsa da mata. Da na zo wurin, ban ma karanta masa ba. Na danna "a'a" na wuce. Ina zan iya duban idon magidanci in yi masa wannan tambaya a ƙofar gidana, yara na wasa a gefe? Ko na tambaya, me kuke tsammanin zai ce? Fom ɗin ya tara amsar da ba ta da amfani, kuma mai karantawa zai ɗauka an tantance mutumin. Wannan ya fi rashin tambayar haɗari. A ɗaki, ƙofa a rufe, namiji da ma'aikaci namiji, mace da mace, a nan ake samun gaskiya.

Doka ma tana gefen taƙaitawa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma ta ce kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙata. Ƙungiyar da ta tara sirrin cututtukan dubban mutane a kwamfutar ofis ta ɗauko wa kanta amanar da ba lallai ta iya riƙewa ba.

"In ba a sa lambar ɗan ƙasa ba, masu sayar da jini za su cika wurin"

Masu sayar da jini suna nan, ba mai musu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, amma wanda ya taɓa shiga matsi ya san yadda wani zai matso kusa da kai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, akwai yaro in ana so." Haɗarinsu kuwa babba ne, don wanda ke neman kuɗi zai ɓoye ciwonsa, kuma zai bayar yau ya koma wani wuri ya sake bayarwa mako mai zuwa, alhali namiji sai bayan wata uku ya kamata ya sake, mace bayan wata huɗu.

Sai dai mai sayarwa ba ya buƙatar rajistarku. Kasuwarsa tana bakin ƙofa, inda dangi suka rikice. Kuma in ya ga dama, shi ne zai fi kowa haƙurin cike gurabe talatin da ɗaya, don shi riba yake nema. Wanda dogon fom ke kora shi ne wanda ba abin da zai samu sai lada. Tankaɗen nan naku garin yake zubarwa, ya riƙe tsakin.

Lambar ɗan ƙasa tana da amfani, amma a wurin ɗiba, inda za a haɗa fuska da kati a kuma rubuta ranar da mutum ya bayar. A shafin farko kuwa tsoro take sakawa. Mutanenmu sun sha ji a rediyo cewa kada su ba kowa lambobinsu, kuma an sha damfarar su da shafukan tallafin bogi. Ka ce wa mutum ya sa lambobi 11 na katinsa a shafin da bai san mai shi ba, in ya ƙi, hankali ya yi.

Ba sabon abu nake kawowa ba. A 2021 hukumar zaɓe ta buɗe rajistar farko ta intanet: ka fara a waya, ka je ofis a ɗauki hotonka da yatsunka. Mataki biyu. Abin da za a iya yi daga nesa a yi shi daga nesa, wanda sai an ga mutum a jira shi ya zo.

"Matsalar ta jahilci ce, a wayar da kai tukuna"

Wannan maganar ta fi kowace ba ni haushi, don ita ce mafakar duk wanda aikinsa bai yi kyau ba. Da zarar mutane ba su zo ba sai a ce ba su waye ba.

E, akwai masu tsoro. Akwai mai ganin in an ɗibi jininsa ƙarfinsa ya tafi ke nan, ko a ce zai rasa kuzarin iyali. Irin wannan yana buƙatar a gaya masa cewa abin da ake ɗiba mililita 450 ne daga cikin kusan lita 5 da ke jikin baligi, ɗibar ba ta wuce kamar minti goma, kuma jiki yana mayar da abinsa. Malamai suna faɗakarwa a masallatai, ana kawo ayar nan ta 32 a Suratul Ma'ida kan wanda ya raya rai guda. Kowace 14 ga Yuni ana bikin ranar masu ba da jini ta duniya, a yi tattaki, a raba riguna. Duk na yarda da su.

Amma mutumin da ya zauna a kan dakalina ya riga ya wuce nan. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Shi ya kawo kansa, aka kore shi. A kashe kuɗi a rediyo a kira jama'a, su taso su tarar da ƙofa a kulle da kwaɗo uku, sannan a koma a ce ba su zo ba.

Kuma wai jahilci. Mutumin nan yana da WhatsApp. Wa ya buɗe masa? Shi da kansa, don abin da aka tambaye shi lambar waya ce, aka turo masa lambobi shida, ya sa suna, shi ke nan. Yana tura kuɗi ta wayarsa, yana sayen kati, yana kallon wa'azi da kokawa a TikTok. Kamfanonin da ke son kuɗinsa da lokacinsa sun yi ta goge hanyarsu har ta yi santsi. Masu neman jininsa don ceton wata mai naƙuda su ne suka zuba masa ƙaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a sauƙaƙa kada a tsananta. Ban ga dalilin da zai sa a cire mai zana fom daga cikin waɗanda ake wa wannan umarni ba.

Harshe da ƙaramar waya

Wasu sun ce kalmomin likitanci ba su da Hausa. To ai in an rage fom ɗin ya koma tambaya biyar, babu kalmar likitanci ko ɗaya a ciki. "Mene ne sunanka?" "Wace unguwa kake?" Abin da nake roƙo kawai kada a ba na'ura ta fassara a manna. Na taɓa ganin shafin da maɓallin aikawarsa aka rubuta "sallama", wani kuma "miƙa wuya". A samu wanda ke Hausa da bakinsa ya rubuta. In da hali a sa ɗan hoton lasifika kusa da kowace tambaya, wanda karatun boko ya yi wa nauyi ya danna ya ji da kunnensa. Da yawa daga cikin dattawanmu ajami suka iya, kuma saƙon murya ya riga ya zama ruwan dare.

Tambaya ɗaya a kowane shafi ta fi, da manyan baƙaƙe da babban maɓalli, don babban yatsan mai aikin ƙarfi ba ya samun ƙaramin akwati. Masu tsara shafukan gwamnatin Birtaniya da haka suke farawa, abu ɗaya a shafi ɗaya, su da ba su da matsalar sabis ma. Ga mu kuwa amfaninsa ninki ne: duk abin da ka amsa ya ajiyu, in sabis ya ɗauke a tambaya ta huɗu, daga ta huɗu za ka ci gaba. Lambar waya ta zo da wuri, ta yadda ko mutum bai kai ƙarshe ba za a iya kiransa a ƙarasa.

Wanda ke Tangaza ko Gada ko Sabon Birni da 'yar ƙaramar waya mai tocila fa? Hanyar da yake duba kuɗinsa a banki, tauraro da lambobi da alamar tsani, ita ma za ta iya ɗaukar tambaya biyar. Ko a ba da lamba guda, ka yi filashin a kira ka. Marasa lafiya daga waɗannan garuruwa ake kawowa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, da danginsu a biye. Bai kamata rajista ta zama ta 'yan birni masu manyan wayoyi kaɗai ba.

Bayan an danna aikawa

Akwai masu cewa gajeren fom zai cika rajista da sunayen da ba za su amsa kira ba. Zai yiwu. Amma abin da ke raya rajista shi ne abin da ya biyo bayan fom ɗin, kuma a nan ne aka fi sakaci.

Wanda ya yi rajista ya ga saƙo nan take da Hausa: an karɓa, mun gode, ga inda za ka je a gwada rukunin jininka, ga ranaku da lokuta. Cikin mako guda mutum mai rai ya kira shi. A wannan kiran ne za a ji ko lambar tasa ce ko ta gida, abin da ke da muhimmanci ga mata, don wata wayar a hannun maigida take, kuma kiran baƙon namiji da tsakar dare yana iya zame mata fitina. A tambaye ta ko ta fi son mace ta kira ta. A tambayi kowa ko ya yarda a tashe shi da dare. A watan azumi a shirya ɗiba bayan buɗa-baki. Kafin damina ta kankama, lokacin da zazzaɓi ke shanye jinin yara, a tuna wa mutane. Iyayen masu sikila kuwa su buƙatarsu ba ta da kaka ba ta da rani.

In an yi amfani da jinin mutum, a turo masa layi ɗaya cewa ya isa ga mai buƙata, ba sai an faɗi suna ba. A kuma ba shi hanya mai sauƙi ta cire sunansa in ya ga dama. Wanda ya san zai iya fita ya fi sakin jiki ya shiga.

Tun 2021 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da harkar jini ta ƙasa. Ina ganin cikin ƙa'idojin da ya dace a shimfiɗa wa duk mai buɗe irin wannan shafi har da wannan: kada a sake shi sai an gwada shi a hannun mutanen da aka yi dominsu. Gwajin ba shi da tsada. Wani masanin fannin, Jakob Nielsen, ya daɗe yana cewa mutum biyar sun isa su tona mafi yawan matsalolin shafi. A je tashar mota ko bakin Babbar Kasuwa, a samu ɗan kabu-kabu, da mai shayi, da ɗaliba, da tela, da dattijo guda. A ba su waya a ce su yi rajista, mai zanen ya tsaya gefe ya kama bakinsa, kada ya taimaka. Duk inda ya ga mutum ya tsaya yana juya waya, nan ne gyara yake. Na tabbata wanda ya yi shafin da ya wahalar da mu a kan babbar kwamfuta ya gwada shi, a ofis mai sanyi da intanet mai gudu, da sunan da ba shi da ɗigo a sama.

Shekaranjiya da dare wani maƙwabcina ya buga mini ƙofa, ɗansa mai sikila yana kwance ana neman leda ɗaya. Na lalubo lambar mutumin nawa, wadda na ajiye da sunan "Mai babur jini". Bugu ɗaya ya ɗauka, ya ce yana Dandima, ga shi nan tafe. Har na ajiye wayar sai na tuna, na sake kiransa na ce ya yi zamansa, wata uku ba su cika ba, ni ma nawa ba su cika ba. Ya ce shi lafiyarsa lau, a ɗiba kawai. Da ƙyar na lallashe shi. Muka koma WhatsApp, sai gab da asuba aka samu wani ɗalibi.

Da na dawo gida na ɗauki biro na rubuta ranar da za mu cika a jikin kalandar ɗakina, sunansa da nawa. Saura kwana ashirin da shida.